Malamin aji shida ya koma aji biyu: yadda rikicin harshen koyarwa ya sauka a wata firamare ta ƙasar Katagum

A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi na tarayya, Dokta Tunji Alausa, ya sanar a Abuja cewa gwamnati ta soke manufar koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Daga yanzu, in ji shi, Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage har jami'a. Manufar da aka soke shekararta uku kacal. A ƙarshen Nuwamba na 2022 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da ita, wanda ya sanar wa 'yan jarida kuwa ɗan jihar Bauchi ne, Malam Adamu Adamu, mutumin Azare, yana ministan ilimi a lokacin. An yi ta cacar baki a rediyo da Facebook. Masana harshe suka ce an yi wa ƙasa illa, wasu kuma suka ce dama an daɗe ana yaudarar 'ya'yan talakawa da Hausa alhali 'ya'yan manya na can suna zuba Turanci. Kaɗan ne suka tambayi abin da malamin aji ɗaya zai yi dabam da na jiya idan aka kaɗa ƙararrawa aka shiga aji.

Wannan nazari ya bi lamarin a makaranta guda, wata firamare ta gwamnati a wani gari mai kasuwar mako a ƙasar Katagum ta jihar Bauchi. Ban ambaci sunan garin ko na mutanen ba saboda duk suna bakin aiki. Na san makarantar ne ta hanyar zuwa duba ɗaliban kwaleji da ake turawa koyon aikin koyarwa, da haka na samu zama a ajujuwanta da taron kwamitinta.

Makarantar da abin da ta gada

Makaranta ce irin wadda kowa ya sani. Ajujuwan ƙasa cike suke maƙil, yara na zaune a kan tabarma da farkakkun buhuna, ajujuwan sama kuma sai raguwa suke yi, musamman ɓangaren 'yan mata. Ranar kasuwa aji kan sassabe, wasu na talla, wasu na rakiyar dabbobi. Lokacin cirar gyaɗa da yankan riɗi ma haka. Yawancin yaran da Hausa suka tashi. Akwai 'ya'yan Fulani daga rugagen kewaye, da 'yan tsirarun Kare-kare da Barebari, amma in aka tashi tara da Hausa kowa ke wasa. Turanci kuwa ba a jin sa a gida, ba a jin sa a kasuwa, sai dai a gan shi a jikin kwalin magani da saƙon kamfanin waya.

Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin, sannan a juya zuwa Turanci daga baya. Gyare-gyaren da suka biyo baya suka ƙayyade cewa aji ɗaya zuwa uku ne na harshen gida, Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Wannan a takarda ke nan. Abin da aka shekara da shekaru ana yi a aji shi ne: littafi na Turanci ne, malami ya karanta, yara su amsa da ƙarfi, ya fassara musu da Hausa, ya rubuta a allo su kwafa, ƙarshen zango a yi jarrabawa da Turanci. Ba a koyar da Hausa ba, ba a kuma koyar da Turanci ba.

Abin da ya tona asirin wannan hali shi ne gwajin karatu da aka yi a jihohin Bauchi da Sakkwato a 2011 da 2013 ƙarƙashin shirin NEI na hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID. Gwajin ba shi da wuya: a ba yaro ɗan gajeren labari da Hausa, a danna agogo, a ga kalma nawa zai karanta daidai cikin minti ɗaya. Mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma guda ba, da harshen da suke magana da shi tun suna goye. Daga nan aka samu shirin NEI Plus wanda ya fara a 2015, shi ya kawo darussan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku. Kowane yaro da littafinsa, malami da jagorarsa mai bayanin darasin kowace rana: a fara da sautin baƙi, a haɗa shi da wasali a samu gaɓa, a haɗa gaɓoɓi a samu kalma, a karanta ɗan labari, a yi tambaya a kansa. Malami ya fara yi, a yi tare, sannan yara su yi su kaɗai. Akwai kuma jami'in da ke zagayowa ya zauna a bayan aji, bayan darasi ya gaya wa malami inda ya yi daidai da inda ya kauce.

Makarantar da muke magana ta ci moriyar wannan shiri. Malamai biyu aka horar mata, namiji da mace. Namijin ya yi ritaya. Macen, wadda ita ce ta riƙe abin da gaske, an yi wa mijinta canjin wurin aiki ta bi shi. Littattafan da aka raba sun yayyage, ragowar suna cikin kwali a ofishin hedimasta, gara ta fara taɓa na ƙasa. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID ɗungurungum, saboda haka babu mai jiran wata mota ta sake sauke sababbi. Aji biyu ya faɗa hannun wani saurayi mai aikin sa-kai da iyaye ke haɗa wa ɗan ihsani, yaro mai himma amma ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake koyar da karatu.

A wannan hali sanarwar minista ta riski makarantar.

Gwajin da hedimasta ya yi

Shugaban kwamitin kula da makaranta, kwamitin da kowa ke kira SBMC, wani Alhaji ne mai fataucin riɗi da dabbobi zuwa kudu. Shi ya fara jin labarin a rediyo, ya kuma zo wa hedimasta da buƙata guda: tunda gwamnati ta yi magana, a cire darasin Hausa daga jadawali, a hana malamai yin Hausa a aji tun daga aji ɗaya. Kafin a zauna a kan maganar, gwamnatin jiha ta rufe makarantu saboda fargabar tsaro bayan sace ɗalibai a jihohin Kebbi da Neja. Sai bayan an koma aka ɗauko ta.

Hedimastan tsohon hannu ne. Da takardar Gired Tu ya fara aiki, daga baya ya yi NCE ta karatun ƙarshen mako na cibiyar horar da malamai ta NTI. Ba mai yawan musu ba ne, kuma ya san ba zai ci Alhaji da baki ba. Abin da ya yi shi ne ya zauna ya rubuta layi huɗu da Hausa da hannunsa, labarin wata akuya da ta shiga kasuwa ta cinye waken mai awo, ya rubuta wasu layi huɗu masu sauƙi da Turanci. Da gangan ya ƙi ɗauko komai daga littafin aji, don ya san yaran sun haddace shi. Ya sa aka ajiye benci a gindin darbejiya, ya riƙa kiran 'yan aji huɗu ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wata yarinya da duk wanda ya shiga ajin zai ce ita ce gwanar karatu, muryarta ce ke jan sauran idan ana amsawa. Aka miƙa mata takardar Turanci. Ta dubi baƙin farko, ta gyara murya, ta fara rero darasin da ke rubuce a allon aji tun makon jiya, tsaf, ba tuntuɓe, idonta a kan takardar da ba ta ƙunshi ko kalma guda daga abin da take faɗa ba. Aka ba ta ta Hausa, ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Bayanta aka kira wani ɗan Fulani da ba a cika jin bakinsa a aji ba. Ya ɗora yatsa a kan takardar: "a... ku... ya, akuya." Ya bi layin a hankali, yana tsayawa yana komawa, da ya kai inda mai awo ya bi akuyar da mudu sai ya fashe da dariya. Ba wanda ya tambaye shi ko ya gane. Wannan yaro a hannun malamar da ta tafi ya yi aji ɗaya da biyu, ita kuwa yarinyar daga wata makaranta aka dawo da ita.

Abin da hedimasta ya gani gaba ɗaya bai faranta masa rai ba. Waɗanda suka karanta Hausa sumul kaɗan ne, kuma dogon hutun da aka yi ya ƙara dagula abin. Amma akwai abu guda da ya fito fili. Duk yaron da ya iya karanta Hausa ya taɓuka wani abu a takardar Turanci, yana haɗa baƙaƙe, yana cin karo da wuraren da Turanci ke rubuta abu ɗaya ya furta wani. Waɗanda ba su karanta Hausa ba ko fara Turancin ba su yi ba. Bai samu yaro ko guda da ya karanta Turanci ya kasa Hausa ba.

Zaman kwamiti

An zauna a aji shida bayan la'asar: Alhaji, mai unguwa, limamin masallacin Juma'a, wakiliyar mata, wani tsohon ɗalibi mai shagon cajin waya, hedimasta da malamai uku.

Ya kamata a yi wa Alhaji adalci, don masu kare harshen uwa sun cika mayar da irinsa jahili. Ba jahili ba ne, mutum ne da ya ga yadda ake cutar wanda bai iya Turanci ba a shingen hanya da banki da ofishin gwamnati. Ga abin da ya ce, gwargwadon yadda na riƙe: "Malam hedimasta, Hausa a nono yaran nan suka sha ta. Ba mu kawo su nan don ku koya musu abin da suka zo da shi ba. Jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta, WAEC da Turanci, JAMB da Turanci a kwamfuta. Su waɗanda suka ce a yi Hausa, ina 'ya'yansu suke karatu?" Ya ƙara da cewa a makarantar kuɗi da ke bakin tasha ana cin tarar yaron da ya yi Hausa, kuma duk mai ɗan hali can yake kai nasa. Nasa jikokin ma can suke, bai ɓoye ba.

Hedimasta bai yi jayayya da ko ɗaya daga ciki ba. Ya ce shi ma Turancin yake so yaran su iya. Sai ya ba da labarin gwajin, ya ce magana da Hausa dabam, karanta ta dabam, kuma abin da yaran suka rasa ba harshe ba ne, sanin cewa baƙi sauti ne, in aka jera su magana ce ke fitowa. Yaro sau ɗaya yake gane wannan a rayuwarsa. Tambayar ita ce da wane harshe zai fi saurin gane shi: wanda in ya haɗa "ka" da "za" zai ji kaza ya san ta, ko wanda in ya haɗa daidai ma bai san abin da ya faɗa ba, balle ya san ko ya yi kuskure?

Liman ya goyi bayansa da misalin makarantar allo. Ya ce ba a taɓa ɗora yaro a kan sura kai tsaye ba, sai ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, ya iya haɗawa, kuma abin da ya ji ana yi a darasin Mu Karanta bai ga bambancinsa da wannan ba. Nan fa Alhaji ya samu ƙofa, ya kuwa shige ta. "Allah ya gafarta Malam, to ai ka kawo hujjata. Yaron allo Larabci yake karantawa, ba harshen uwarsa ba ne, kuma yana iyawa. Me zai hana a yi haka da Turanci?"

A ganina wannan ce tambaya mafi nauyi da aka yi a zaman, kuma ta fi yawancin abin da na ji a muhawarar rediyo. Amsar liman ita ce yaron allo yana iya karatu, amma ba ya sanin ma'ana sai ranar da ya zauna gaban malamin zaure ana biya masa littafi ana fassara masa da Hausa jimla bayan jimla, kuma ba wanda ya taɓa cewa wannan fassara ta ɓata wa almajiri Larabci. Ni zan ƙara abu biyu da ba a faɗa a wurin ba. Rubutun Alƙur'ani mai wasali ne, abin da aka rubuta shi ake furtawa, kamar dai bokon Hausa mai wasula biyar, Turanci kuwa ba haka yake ba. Sannan almajiri safe da yamma da dare yake kan allonsa shekara da shekaru, ɗan firamare kuwa 'yan sa'o'i ne gare shi, ana kuma so ya fahimci lissafi da kimiyya da wannan karatun tun yana aji huɗu.

Wakiliyar mata ce ta sauko da maganar ƙasa. Ta ce 'yarta tana aji biyar, amma in saƙo ya shigo wayarta sai ta kai maƙwabta a karanta mata, ko da Hausa aka rubuto shi. "Ni dai, Malam, ku koya mata karanta saƙon waya da katin asibiti. Ko da wane yare ne, ku kuka sani."

Shawarar da aka yanke da abin da ta ci

Hedimasta bai cire Hausa ba, bai kuma ƙi Turanci ba. Ya bar darasin karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku, ya mayar da shi darasin farko da safe kafin yara su gaji. Ya sa darasin Turanci na baka kullum tun daga aji ɗaya: gaisuwa, sunayen abubuwan da ke aji, umarni, 'yan waƙoƙi, tambaya da amsa, ba kwafar allo ba. Ga 'yan aji huɗu da biyar da suka wuce ba su iya ba, ya ware sa'a guda ana raba su bisa matakin karatunsu maimakon ajinsu, masu baƙaƙe gefe, masu kalmomi gefe, masu labari gefe. Wannan dabara ba shi ya ƙirƙiro ta ba. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da ita, an kuma gwada ta a Borno da Kano.

Amma babban matakin da ya ɗauka, wanda ya fi duk sauran tayar da ƙura, ba na harshe ba ne. Ya ɗauke malamin aji shida ya kai shi aji biyu.

Wanda bai yi aikin firamare ba ba zai gane girman wannan ba. Al'adar makarantunmu ita ce a ba malami mafi ƙwazo aji shida saboda jarrabawar shiga sakandare, da ita ake auna makaranta, da ita ake yabon hedimasta. Ajujuwan ƙasa kuma a bar wa sabon shiga, ko mai sa-kai, ko wanda ya gaji yana jiran ritaya. Hedimasta ya ce wannan fafe gora ne ranar tafiya: yaron da ya kai aji shida bai iya karatu ba, abin da malami zai iya yi masa kawai shi ne ya haddatar da shi tsofaffin tambayoyi. Malamin aji shidan, matashi mai NCE a Turanci, ya ɗauki abin a matsayin rage girma. "Ranka ya daɗe, wane laifi na yi?" ita ce tambayarsa ta farko. Akwai kuma abin da bai faɗa ba amma kowa ya sani: ɗan lasin na yamma da iyayen 'yan aji shida ke biya gab da jarrabawa ya kuɓuce masa, a lokacin da albashi ba ya kai tsakiyar wata. Hedimasta ya bar masa lasin ɗin na yamma, shi kuma ya karɓi Turanci da lissafin aji shida na safe da kansa.

Sai wata matsala ta ɓullo da ba wanda ya zata. Malamin ya iya Hausa kamar kowa, amma bai iya rubuta ta bisa ƙa'ida ba. Yana rubuta baki a wurin baƙi, yana haɗe kalmomin da ake rabawa, bai taɓa lura cewa "ts" da "sh" sauti guda-guda ba ne. Ba shi kaɗai ba, haka yawancinmu muke rubutu a waya. Sai da ya zauna da tsohuwar jagorar malami da ke cikin kwali ya koya wa kansa darasi kafin ya koyar da shi. Masu cewa koyarwa da Hausa ba ta buƙatar horo tunda kowa na jin ta, da sun leƙa wannan aji a makon farko da sun sauya magana.

Shi ma hedimasta ya biya nasa kuɗin. Mutumin da ke aji da safe ba ya zaune a ofis, rahotannin da ake kai wa ofishin ilimi na ƙaramar hukuma suka fara makara. Da ya je ba da haƙuri ya tambayi matsayin hukuma a kan maganar harshe, amsar da ya samu ita ce takardar umarni ba ta iso ba, ya ci gaba da abin da yake yi, amma in baƙi suka zo daga sama ya san yadda zai yi da su. Ba a ce masa i ba, ba a ce masa a'a ba. Nauyin hukuncin da aka yanke a Abuja ya dawo wuyan mutum guda da ba shi da ikon ɗaukar malami, ba shi da ikon hana a ɗauke masa wanda yake da shi, ba kuma a ba shi ko sisi na sayen littafi ba.

Ina gaskiyar take?

Hujjar da minista ya bayar ita ce yankunan da suka fi rungumar koyarwa da harshen gida su ne suka fi faɗuwa a WAEC da NECO da JAMB. Cewa ana faɗuwa, gaskiya ne. Cewa harshen uwa ne sanadi, wannan ne ban yarda ba. Manufar 2022 ba za ta ɗauki laifin ba, domin yaron da ya shiga aji ɗaya bayan an amince da ita bai ma gama firamare ba a lokacin da aka soke ta, kuma Malam Adamu Adamu da kansa ya faɗa tun ranar sanarwa cewa aiwatarwa sai an tanadi littattafai da malamai. Ba a tanada ba. Idan kuwa tsohuwar al'adar fassara littafin Turanci da Hausa ake nufi, wannan ba tsarin koyarwa da harshen uwa ba ne, dabarar malamin da ya ga yara sun yi masa zuru ce. Yankunan da ake magana su ne kuma suka fi cunkoson aji, ƙarancin ƙwararrun malamai, talauci da yaran da ba sa zuwa makaranta. A tsame harshe kaɗai daga cikin waɗannan a ce shi ne mai laifi, akwai son kai wa ga amsa mai arha.

Sannan wa zai koyar da Turancin? A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare gwaji da tambayoyin aji huɗu, ta ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka sa ba. An yi ta gardama a kan ingancin gwajin, amma ba wanda zai rantse cewa jihohin maƙwabta sun fi. Umarni ba ya sa wa malami harshen da ba shi da shi a baki. Abin da zai faru shi ne a ci gaba da fassarar da aka saba, sai dai yanzu a ɓoye, a kuma daina ko da ɗan karatun Hausar da ake yi.

Su ma masu kare harshen uwa akwai abin da suke tsallakewa. Sukan kafa hujja da gwajin da Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida suka kuma yi fice. Gaskiya ne. Amma a wannan gwaji an rubuta littattafan kowane darasi da Yarabanci, an horar da malamai, Turanci kuma ƙwararren malami aka ware masa. Wannan kashi na ƙarshe shi ne ba mu taɓa yi ba. Yaronmu yakan iso aji huɗu a ce masa daga yau komai da Turanci, alhali kalmomin Turancin da ya sani ba su isa ya bi darasin kimiyya ba. Tsoron Alhaji daga nan ya samo asali, kuma tsoro ne mai tushe.

Akwai kuma maganar da ba a son taɓawa. Abin da ya yi sauƙi a ƙasar Katagum ba lalle ya yi sauƙi a Tafawa Ɓalewa da Bogoro da Dass ba, ko a Billiri da Kaltungo a jihar Gombe. Can ma yara na jin Hausa, amma iyaye Sayawa ko Jarawa ko Tangale na iya ganin ɗora ta a matsayin harshen koyarwa danniya ce ga nasu harshen, wasunsu su gwammace Turanci don ba na kowa ba ne. Ko a makarantar da muke nazari, ƙananan 'ya'yan Fulani kan zo aji ɗaya Hausarsu ba ta nuna ba. Doka guda daga Abuja, ko ta 2022 ko ta 2025, ba ta san waɗannan bambance-bambance ba. Ilimi kuwa a tsarin mulkin ƙasa hurumin tarayya da jihohi ne tare, malaman firamare kuma ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da ƙananan hukumomi suke. Jihar da ta zuba shekaru wajen horar da malamai a kan karatun Hausa tana da damar fitowa ta faɗa wa hedimastocinta a rubuce abin da take so a yi, maimakon a bar kowa da dabararsa.

Inda aka kwana

Ya yi wuri a ce tsarin hedimasta ya yi nasara. Abin da na gani a aji biyu shi ne amsa-amon da aka saba ya ragu, yara na bin layi da yatsa uku-uku a kan littafi guda, malamin yana zagayawa yana tsayar da yaro ɗaya ya karanta shi kaɗai. Sa'ar raba 'yan aji huɗu da biyar ita ce ta fi tangal-tangal, duk ranar da malami ɗaya bai zo ba sai ta rushe. Darasin Turanci na baka yana tafiya a aji biyu, a aji ɗaya da uku kuwa yakan koma kwafar allo da zarar hedimasta ya juya baya.

Alhaji bai sauya ra'ayi ba, jikokinsa na nan a makarantar kuɗi. Amma shi ya biya kuɗin foto-kwafin littafin aji biyu, da sharaɗin cewa ƙarshen shekara a sake gwajin a gaban kwamiti da harsunan biyu, kuma shi zai kawo takardar Turancin da za a karanta. Hedimasta ya yarda. Malamin ya nemi a mayar da shi aji shida baɗi, hedimasta ya ce a bari a ga gwajin tukuna, shi kansa kuwa 'yan shekaru suka rage masa ya yi ritaya. Kwamitin ya rubuta wa ofishin ilimi takarda, mai unguwa da liman suka sa hannu, ana roƙon kada a yi wa malamin canjin makaranta har 'yan aji biyun nan su kai aji huɗu. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu ba a amsa takardar ba.